Ranar da Verna Ta Yi Tambaya

A ƙauyenmu na gabashin Ohio, in ka ga mutum ya tsallaka titi ba gaira ba dalili, to ka waiga, Verna Hoyle ce tafe. Ba muguwa ba ce, ko kusa. Babu gidan da aka yi rashi ko haihuwa da tukunyar miyarta ba ta riga ta kowa isa ba. Bakin ne dai. Verna ba ta iya ganin mutum ta ƙyale shi da rayuwarsa. Za ta gaya maka tayar motarka ta suɗe, tarin nan naka zuma yake so, saurayin 'yarka kuma ba shi da alamar riƙe aiki. Abin haushin shi ne galibi gaskiyarta ce.

Ba a banza ta zama haka ba. Tana da shekara goma sha huɗu mahaifiyarsu ta rasu, ta bar mata ƙani ɗan shekara shida mai suna Wilmer, da uba wanda bai san komai ba sai gonar tuffa. Ita ta koya wa Wilmer ɗaure takalmi, ita ta ja kunnensa ya gama makaranta. Daga baya ta yi shekara talatin da ɗaya tana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta, ido ɗaya a hanya, ɗaya a madubi. Wadda ta tashi a haka, ina za ta san ana tambayar mutum abin da yake so?

Mu kuwa jama'ar Abokai ne, waɗanda ake ce wa Kweka, ibadarmu ta shiru ce. Ranar Lahadi mukan zauna awa guda a kan benci, ba mai wa'azi ba waƙa, kowa na sauraron abin da Allah zai jefa masa a zuciya. Verna tana cika awar nan tsaf, amma ana gaisawa a tashi sai ta fanshe har da riba. Mijinta Dale yakan ce shi duk mako wannan awar yake jira, don a nan kaɗai yake jin ƙarar agogon hannunsa. Ta kai masa duka da jaka, su yi dariya su tafi gida.

Abu ɗaya ne ya hana ta sakat. Tun da matar Wilmer, Nadine, ta rasu shekara biyu da suka wuce, ƙanin nata ya rufe mata ƙofa ba tare da faɗa ba. Duk abin da ta ce masa, amsarsa "To, Yaya." Ya daina zuwa cin abincin Lahadi. Sai ga shi wata rana a bakin mai sayar da abincin kaji take jin wai Wilmer na tunanin barin gonar gado. A bakin bare fa. Ta dawo gida ta zauna a mota ta kasa fitowa. Tsakanin gidajensu mil biyu ne kacal, amma tana ganin ƙaninta yana zame mata da ransa, kuma ba ta san inda za ta kamo shi ba.

Ana cikin haka Asa Kirk, dattijon da ke jagorantar taronmu, ya zo mata da saƙo. Wilmer ya nemi a yi masa zaman tambaya, irin wanda muke yi wa mutum in yana kan yanke babbar shawara, ya kuma zaɓi mutum uku: shi Asa, da Ila Bundy tsohuwar malamar makaranta, da ita Verna. Murna ta kama ta, ta ce dama ta tanadi abubuwa bakwai da za ta gaya masa. Asa ya kurɓi kofi ya tuna mata dokar zaman: ba a ba da shawara, ba a ba da labarin kai, ba a gyara wa mutum zance. Tambaya kawai ake yi, ita ma sai wadda mai yin ta bai san amsarta ba.

"To wane amfani ke ga tambayar da ban san amsarta ba?" in ji Verna.

Asa ya ce ta je ta yi tunani, tana da mako guda.

Makon nan an sha kallo. Ta ɗauki takarda ta cika ta da tambayoyi, ta miƙa wa Dale ya duba. Ya sa tabarau ya karanta ta farko: ba ka ganin ƙasusuwan Baba na nan a ƙasar nan? Ya ja mata layi. Ta biyu: ka tuna wa ya ce maka kada ka sayi tsohuwar tarakta? Ya ja layi. Har ta goma sha biyu babu wadda ta tsira. Ya ce mata waɗannan duk bulala ce ta sa musu ɗankwali. Ta fizge takardar ta ce dama shi bai taɓa son danginta ba, alhali kowa ya san Dale da Wilmer tare suke kamun kifi.

Ta gwada a kanti. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta yi atishawa, Verna ta cije leɓe har ta kai bakin ƙofa, sannan ta juyo ta ce mata citta da lemon tsami. Mu ba ma rantsuwa, amma da muna yi da na rantse ta yi iya ƙoƙarinta.

Ranar Asabar da rana suka haɗu a ɗakin taro, lokacin ana tsakiyar tsinkar tuffa. Suka jawo benci biyu suka fuskanci juna. Wilmer ya yi bayani a gajarce, kansa a ƙasa: yana so ya ba iyalin Ortega hayar gonar, su da suka shekara goma suna aiki tare da shi. Ila ta tambaye shi abin da yake tsoro, ya amsa da kalma uku. Verna ta gyara zama.

"Wilmer, ba ka ganin Baba da yana raye..."

"'Yar'uwa," in ji Asa a hankali, "kin san amsar?"

"Na sani."

"To ajiye ta."

Kunya ta rufe ta. Ta sa hannayenta ƙarƙashin cinya ta zauna a kansu. Da ta rasa abin yi sai ta kama kallon ƙaninta. Jikin nan babu tabon da ba ta san tarihinsa ba. Na goshi keke ne, na haɓa tsani ne. Idonta ya sauka kan hannunsa, ta ga wasu ƙananan tabban ƙuna jere a damtsen, wasu sun warke, wani sabo ne. Ta laluba a ƙwaƙwalwarta, ta sake lalubawa, ba ta san su ba.

"Auta," ta ce, muryarta ba irin ta kullum ba, "wannan ƙunar ta hannunka, a ina ka samo ta?"

Wilmer ya ɗago ya dube ta. Ya ce bakin tanda ne.

Daga nan fa bakinsa ya buɗe. Lokacin jinyar Nadine babu abin da ke shiga cikinta sai burodi mai ɗumi, shi ya sa ya koyi kwaɓawa. Bayan ta rasu ya kasa dainawa. Yanzu sau uku a mako yana zuwa wani gidan burodi a garin da ke gaba, inda ake ciyar da marasa ƙarfi kyauta, kuma a nan kaɗai yake jin zuciyarsa ta sauka. Tuffa kuwa bai taɓa sonta ba. Yana da shekara goma sha takwas aka ce masa shi zai riƙe gona, ya ce to, ya riƙe ta shekara arba'in. Bai faɗi wanda ya ce masa ba, Verna kuma ba ta buƙaci a faɗa mata ba.

Sau uku gyara ya taso mata har maƙogwaro ta haɗiye shi. Maimakon haka ta tambaye shi wane burodi Nadine ta fi so, da yadda yake sanin ƙullu ya tashi. Wilmer yana amsawa yana kwatantawa da hannu, har da dariya. Rabon da ta ga haƙoransa tun kafin jana'izar Nadine. Baƙin cikin shekarun da ta ɓata da daɗin ganinsa haka suka haɗu mata, daɗin ya rinjaya. Sai da Asa ya nuna agogo suka tashi.

A waje, kusa da akori-kurarsa, ta tambaye shi ko zaman ya taimaka masa ya yanke shawara.

"Yaya, ai na yanke tun bazara."

"To wahalar me ka ba mutane?"

Ya sosa ƙeya. "Shekara biyu ina neman inda doka za ta sa ki zauna ki ji ni. Ba shawara na rasa ba. Ke na rasa."

Verna ta tsaya tana kallonsa. Sai dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba, ta kira shi ɗan banza mai wayon tsiya, ta rungume shi a tsakiyar filin ajiye motoci. Ya buɗe ƙofar motar ya ɗauko burodi naɗe a tawul. Ya ce tun safe ya gasa mata, ya taho da shi ko da za a dace.

Ta gutsura ta kai baki. Gishirinsa ya yi kaɗan, ta ji sarai. Ta tauna ta haɗiye, ta sake gutsura.

"Zo mu je gida," ta ce, "ka gaya min yadda kake yin sa. Daga farko."