Bappa ya ji kalangu ta bayansa

Jama'a, yau kurma ne ya hana ni rage sauti a mota!

Bappa Hammadu nake nufi, ƙanen babanmu, wanda kunnensa ya daɗe da mutuwa. Da safe na ɗauko shi daga unguwar Malam Inna zan kai shi suna a Kwadon, cikin tsohuwar motar da ya saya zamanin da kuɗin mai ya fara shigowa. Da ya bar mini ita na sa mata ƙatuwar sifika a but, can bayan kujerar baya.

Ya zauna a baya. Na kunna kiɗan kalangu, ashe na bar bes, sautin nan mai dukan ƙirji, a sama. Kujera ta hau rawa! Kunya ta kama ni, na yi maza na rage.

Sai na ji hannu a kafaɗata.

Ya ce, "Kai Buba, me ka taɓa? Mayar da shi."

Na mayar. Ya jingina, ya lumshe ido, yatsunsa na bin kiɗan a gwiwa. Daidai, wallahi!

"Kalangu ne ko? Ta bayana nake jin sa. Rabona da shi tun goggonku na raye."

Da muka iso Kwadon ya ƙi fita. Ya ce, "Ƙara zagayawa da ni. Jaririn ba gudu zai yi ba."