Zogalen 'Yar Fari

'Yar farina ce, don haka ban taɓa kiran sunanta ba. "Waccan" nake cewa, ita ma ta saba. Tana bincike a jami'a lokacin da likita ya ce mahaifinta na da sankarar mafitsara. Allurar da ke danne sinadarin mazantaka ta riƙe shi har ya koma gona, daga baya ciwon ya daina jin ta. Likita ya ce sai a koma wani magani mai wahalarwa.

A lokacin ne ta aiko in tara mata 'ya'yan zogale. Wai akwai furotin a cikinsu, sinadarin gina jiki, da suke gwadawa a kan irin sankarar da ta ƙi allura. Na zauna tsakar gidanmu a Kaura ina ɓarewa, maƙwabta na kallo. Kafin kasuwar Shinkafi ta ci, labari ya kai Zurmi wai yarinyar ta gano magani.

Yayan maigida ya taso daga Gurbin Bore.

"Amarya, mi za a kai ƙanena yi asibiti? Ga magani bisa icce bayan ɗakinki! A daka, a dama mishi cikin kunu."

Na dubi maigida. Na ga ya gaji da hanyar asibiti, yana son ya yarda.

Na kira waccan a waya, na buɗe muryar wayar kowa ya ji.

"Baffa, a kwanon gwaji kawai muka ga alama," in ji ta. "Ko kan ɓera ba mu kai ba. In na ce magani ne na yi ƙarya. Don Allah Baba ya koma asibiti."

"To karatun mi kike yi can, ke da ba ki iya warkad da ubanki?" in ji yayan maigida.

Ni da ba na ɗaga murya gaban yayan miji, sai na ji bakina ya buɗe.

"Yaya, ni ajin yaƙi da jahilci kawai na yi. Amma ɗiyata ba ta ƙarya, ko don ta faranta ma ubanta."

Matan gida suka ɗauki shewa. "Ɗiyata? Yau kunya ta tafi kiwo!"

Maigida ya yi dariya har da tari. Ya dube ni, ya ce a miƙo masa hularsa, a nemo mota.

Da suka fita na jawo faifaina, na ci gaba da ɓare mata zogalen.