Malamin da Yake Tsayawa a Waje

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai Malam Lawan makwancinsa a Gwarzo. Taubashina ne, ɗan kawuna, kuma tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da tsokana ba. Ni allo na bi, har yau da ajami nake rubutuna. Shi boko ya yi wa zurfi, ya ƙare yana koyar da darasin gwamnati a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke tsakanin Gwarzo da Kabo. Yana ce mini Alaramma, ina ce masa Bature.

Abin da ya tuno mini da shi bana shi ne kwalbatin da ke kan hanyar makarantar. Ruwa ya sake cinye shi.

Karon farko da ya karye, a shekarun tsuke bakin aljihu ne, lokacin da albashin malami ba ya kai shi tsakiyar wata. Da zarar an yi ruwa mai ƙarfi, yaran ƙauyukan da ke ƙetaren kwari sai su zauna a gida, ga jarrabawar fita tana matsowa. Malam Lawan ya kwashi 'yan ajin ƙarshe ya kai su sakatariyar ƙaramar hukuma, su faɗa wa ciyaman da bakinsu. Ni na ɗauko shi a babur, shi ya sa na gani da idona. Da muka isa, ya nuna musu ƙofa, shi kuma ya koma gindin darbejiya ya tsaya. Alhali ciyaman ɗin tare suka yi makaranta.

Yara suka tuɓe takalma suka durƙusa. Ranka ya daɗe, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa, yaya haƙuri da jama'a. Kowa sai da ya yi tasa gaisuwar daga farko. Ciyaman mutum ne mai fara'a, ya amsa wa kowa, ya ji daɗi, ya ɗaga hannu ya sa musu albarka. Suka shafa. To a wajenmu, idan babba ya yi addu'a an shafa, zama ya ƙare. Suka fito suna murna.

"Me ya ce game da kwalbatin?" in ji Malam Lawan.

Monitan ajin ya ce, "Malam, ai an riga an shafa."

Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce, "Bature, yaran nan sun fi ka tarbiyya."

Ya ce, "Alaramma, to ka hau tarbiyyar ka ƙetare da su kwarin."

Bai shiga ya gyara musu ba. Ya mayar da su aji, ya ce mutum ɗaya zai yi gaisuwa a madadin kowa, a yi ta cikakkiya, sannan a faɗi abin da ya kawo su tun hannu bai tashi sama ba. Da suka koma, har ciyaman ya fara ɗaga hannu, sai wata yarinya daga wajen Gude, Saude, ta ce, "Ranka ya daɗe, kafin a yi addu'a, muna da magana." Mutumin ya faɗa musu gaskiya, asusu babu komai. Amma ya ba da tifa da marmara, iyaye suka kira gayya, aka yi aikin da hannu. Yaran sun rubuta jarrabawarsu.

Da aka kawo shari'a, mun yi murna ni da shi. Sai dai wasu suka fara cewa kai 'yan mata ofis da tambayar shugaba a gaban jama'a rashin kunya ne. Ya ware wa 'yan matan layinsu, ya haɗa su da malama, ya ci gaba da abinsa. Yakan ce mini idan shugabanci amana ce, to wanda ya tuna wa mai ita bai ci mutuncinsa ba, nauyi ya rage masa kafin ranar tambaya. Mun sha musu a kan haka. Ni tsorona kada yaro ya saba ɗaga ido a gaban babba ya kasa sauke shi. Har ya rasu ba mu gama ba.

Yau nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yadda abin ya koma. Samari sun shiga siyasa, amma ta liƙa hoto da jerin gwanon babura. A waya kowa zaki ne, a gaban kujera kowa sai "Allah Ya ja zamani". Cikin ɗalibansa akwai waɗanda suka hau kujerun, na kuma ga yadda wasunsu suke saurin ɗaga hannu tun baƙo bai numfasa ba. Wannan shi ya fi gajiyar da ni.

Makon jiya na bi ta sakatariya, na tarar da wata malama ita kaɗai a gindin darbejiyar nan. Saude ce, a makarantar take koyarwa yanzu. Ta kawo ɗalibanta kan maganar kwalbatin, suna ciki. Bayan mun gaisa na ce, "Ba za ki shiga ba?"

Ta ce, "Baba, Malam shiga ya yi?"

Da ɗalibanta suka fito ta tare su. Suka ce an ce su dawo. Ta ce, "Amma kun faɗa?" Suka ce sun faɗa, kafin addu'a.

Har zuwa yau da nake rubutun nan, kwarin a buɗe yake, jarrabawa kuma ta kusa. Malam Lawan bai bar gini ba, wanda ya jawo aka yi ma ruwa ya tafi da shi. Abin da ya rage nasa shi ne matar nan da ke tsaye a waje, da yaran da ke buɗe baki a ciki. Ban sani ba ko ya isa.

Ni ma bari in faɗi tawa tun ba a shafa ba: a gyara kwalbatin nan kafin yara su zauna jarrabawa. To, yanzu sai mu ɗaga hannu. Allah Ya jiƙan Lawan, Ya yalwata masa kabarinsa.