Shahon da Ya Sa Muka Yi Binne

A shekara ta biyu ta babban fari na baro tuƙin mota a Kwatano, na koma ƙauyenmu kusa da Gazawa. Na iske rumbun yayana ba kome sai 'yan zangarniyoyin gero da ya rataye a ɗaka, irin shuka. Matarsa na dafa tafasa da dusa, amma ba wanda ya isa ya taɓa zangarniyoyin.

Shamuwa ba ta zo ba a lokacinta. Sai Yaya ya maida ido ga wani shaho da ke tahowa daga kudu gab da ruwa, yana bin fara. Mahaifinmu in ya gan shi yakan yi binne, wato ya shuka a busasshiyar ƙasa ya jira sama.

Na san tsuntsun. Na gan shi a Dahome yana bin gobarar daji, Fulanin da na yi zama da su kuma suna duba shi kafin su juyo da shanu arewa. A zaune ruwan ƙasa ne, ƙafarsa rawaya. Sai ya tashi ake ganin jan fiffikensa kamar garwashi. Amma akwai wani mai toka-toka da doguwar ƙafa, wanda ba ya zuwa ko'ina, rani da damina yana nan yana cin ƙadangaru. Ɗansa, kafin ya yi toka, ruwan ƙasa ne shi ma.

Wata safiya Yaya ya ja ni gindin gawon bakin gona.

"Ga shi can. Ɗauko sungumi."

"Yaya, dubi tsawon ƙafar nan. Bari ya tashi tukuna."

Na jefa hoge. Tsuntsun ya tashi ƙasa-ƙasa, ya faɗa cikin aduwa. Ban ga ja ba ko kaɗan.

"Ba shi ba ne, Yaya."

"Rana ce ta kashe maka ido. Ka ci burodin Kwatano, ka zo kana koya mini shahon gonar ubana? Ko da Faransanci ya gaya maka?"

"Mu jira mu ga na biyu."

"Da mi za mu jira? Da cikin wa?"

Ina ga ya gani sarai cewa ba shi ba ne. In irin ya ƙara kwana a ɗaka tukunya zai shiga, ya san haka, ni ma na sani.

Shi yana sara, ni ina zuba iri ina rufewa da diddige, har muka gama gonar. A wasu ƙasashen na ga manomi ya rasa shuka ya je buro, wato ofishin gwamnati, a ba shi wani irin. Mu namu ke nan.

Ruwa bai zo ba. Da yunwa ta kai mu bango muka koma gona da ƙwarya da rariya, muna tone ramukan da muka rufe, ko a sami na kunu. Tururuwa da ɓeraye sun riga mu. Yaya ya tone layi guda, ya zauna a ƙasa, ya ce in je gida in gaya wa matarsa kada ta hura wuta.