Kantar Sama a Shagon Maman Ifeanyi

A wani lungu tsakanin Sabon Gari da Fagge, inda kiran salla da ƙararrawar coci suke tafiya a iska ɗaya, akwai wani ɗan shagon tsofaffin littattafai. Faɗinsa bai wuce mutum ya miƙe hannayensa biyu ba. Idan ka shiga, ƙamshin tsohuwar takarda ne zai fara tarbar ka, sannan mai shagon, Obiageli, wadda kowa yake kira Maman Ifeanyi.

A Kano aka haife ta. Mahaifinta Ibo ne, ma'aikacin reluwe, don haka kukan jirgin ƙasa ne ya riƙa tashin ta da safe tun tana goye. Hausarta ta Fagge ce, in tana ciniki ba ka ganin ta sai ka rantse daga cikin gari ta fito. Ta auri mai sayar da littattafai, ta haifa masa Ifeanyi da Chiamaka. Da ya rasu aka kai shi ƙauyensu a kudu, aka binne shi a harabar gidan da ya gina. Haka al'adar mutanenta take: a yi nema a Kano, a gina gida a can, tsufa ko mutuwa, duk wanda ya riga zuwa, shi zai mai da mutum. Ita kuwa da aka gama zaman makoki sai ta dawo ta buɗe shagon.

Littattafan a dila suke zuwa daga ƙasashen Turawa, kamar kayan gwanjo. Takan warware su ta jera a kanta uku. Ta ƙasa ta masu neman aiki ce: yadda ake rubuta takardar nema, yadda ake amsa tambayoyin masu ɗauka. Ta tsakiya ta waɗanda suka fara samu ce, masu son sanin hannun jari da juya dukiya. Ta sama, wadda sai an taka kujera, ta masu shirin ritaya ce. Ta karanta mafi yawan na ƙasa da na tsakiya a lokutan da kasuwa ta yi sanyi. Na sama kuwa ƙura kawai take kaɗe musu.

Amma ba jerin kantar ne ya sa aka san ta ba. Wata doka ce tata, kuma dokar tana da asali.

Shekaru da dama da suka wuce, wani saurayi mai suna Sadisu ya gama bautar ƙasa, ya zo ya sayi littafin neman aiki. Ya haddace shi kamar karatun allo. Littafin ya ce idan ka shiga wurin mai ɗaukar aiki, ka riga shi miƙa hannu, ka damƙe da ƙarfi, ka kafa masa ido, ka yabi kanka ba tare da jin nauyi ba. Sadisu ya tafi Kasuwar Singa wurin wani dattijon ɗan kasuwa mai neman wanda zai kula masa da sito. Ya shiga da takalminsa har kan darduma, ya damƙi hannun dattijon ya girgiza, ya zuba masa ido, ya ce duk Kano babu kamarsa.

Da yamma ya dawo shagon, fuskarsa a yamutse.

"Mama, littafinki ya cuce ni."

"Me Alhajin ya ce?"

"Bai ce mini komai ba. Juyawa ya yi ya tambayi na kusa da shi, wai yaron nan ɗan gidan wa ne, kuma lafiyarsa ƙalau?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta nutsu. Ta ga littafin bai yi ƙarya ba, halin garin waɗanda suka rubuta shi kawai yake bayani. Ta sa Sadisu ya nemi wani kawunsa ya raka shi, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gai da dattijon, ya bar kawun ya yi yabon. Sauran abin da littafin ya koya masa, na tsara magana da sanin aikin tun kafin a tambaye ka, ya yi masa rana. Yau shi ne babba a siton.

Tun daga ranar ba ta ƙara sayar da littafi shi kaɗai ba. Kowane littafi da mutuminsa. Idan ka saya, sai ta ce, "Ka karanta, amma kafin ka aikata ko layi ɗaya, je ka ga wane. Ya karanta shi, ya gwada shi a garin nan." Mai neman aiki ta tura shi Singa wurin Sadisu. Mai son hannun jari ta tura shi wurin wani tela a Titin Ibrahim Taiwo wanda ya taɓa ƙonewa a harkar ya kuma warke. Ba ta rubuta sunan kowa a ko'ina ba, duk a kanta suke, kamar yadda kaka take riƙe da sunayen jikokinta. Waɗanda aka tura wurinsu kuma ba sa ƙi, domin su ma wani aka taɓa tura su gare shi.

Sai tsufa ya zo a hankali, ta ido ya shigo. Yanar ido ta fara rufe mata na hagu, haruffa suka riƙa narkewa kamar gishiri a ruwa. Rannan ta miƙa wa wani matashi mai neman aiki littafin ritaya, ya duba bangon, ya ce, "Mama, ai ko fara aikin ban yi ba." Chiamaka, wadda take taya ta zama a shagon tun da ta bar koyarwa, ta ji, ta kuma gaya wa yayanta.

Ifeanyi yana Onitsha yana sayar da kayan gyaran mota. Ya bugo waya, ya ce magana ta ƙare. Ya sake wa gidan ƙauye rufi, ya ja ruwa, ya sa an share bayan gida don ta yi lambu. Idan ta zo Kirsimeti kamar kowace shekara, ta zo da kayanta duka. A sayar da shagon, ta huta kusa da kabarin mijinta. Ba da faɗa ya faɗa ba. Da muryar ɗan da ya daɗe yana tanadin abin da zai faranta wa uwarsa rai ya faɗa, wannan ne ma ya sa ta kasa cewa a'a.

Kwanaki ta yi tana juya maganar a ranta. Daga baya ta ce wa Chiamaka ta taka kujera ta sauko mata da ɗaya daga kantar sama. Chiamaka ta riƙa karanta mata shi kaɗan-kaɗan idan babu masu saye. Littafin ya ce mai ritaya ya nemi wuri mai shiru, ya yi lambu, ya riƙa tafiya a bakin ruwa. Kamar da Ifeanyi aka haɗa baki aka rubuta shi.

"To, shi ke nan," in ji Maman Ifeanyi. "Ɗana ya faɗa, littafi ya faɗa. Nemo mini manyan buhuna."

Chiamaka ta rufe littafin ta ɗora a cinya. "Hajiya Madam, dokar fa?"

"Wace doka?"

"Taki. Ko layi ɗaya ba a aikatawa sai an je an ga mutumin littafin. Ko mu talakawa kawai ta hau?"

"Ji 'yar nema! Ni za ki kama da bakina?"

"Wa ya karanta wannan?"

Ba sai uwar ta yi dogon tunani ba. Hajiya Ummakulsum ce, tsohuwar shugabar wata makarantar 'yan mata, wadda ta sayi irinsa shekarar da za ta ajiye aiki.

Washegari da hantsi ta hau adaidaita sahu zuwa Fagge. Gidan tsoho ne, mai zaure da tsakar gida, da bishiyar gwaiba a gefen rijiya. Ta tarar da Hajiya a kan tabarma tana gyaran zogale, rediyo yana magana shi kaɗai a gefe.

"Lale, lale! Yau shago ne ya biyo ni gida? Ko wani za ki turo mini?"

"Ni na turo kaina, Hajiya."

Aka kawo ruwa, aka kawo kunun gyaɗa. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta 'ya'ya da ta ciwon gwiwa. Sannan Maman Ifeanyi ta zayyana mata komai. Hajiya ba ta daina tsinke ganyen ba har ta gama ji.

"Na bi littafin nan sau da ƙafa," in ji ta. "Ɗana Khalifa yana da gida a sabuwar unguwa can bayan gari, mai dogon gini da ƙaton get. Na tattara na koma. Ga fulawowi, ga iska. Maman Ifeanyi, sai in wuni ban ji sallama ba. Ni da na saba da hayaniyar 'yan mata ɗari-ɗari, sai ga ni ina yi wa ƙadangare magana. Ranar da na ji kaina ina tambayar sa ya ya kwana, na ce Khalifa ya kawo mota."

Suka yi dariya har Hajiya ta share ido da gefen mayafi.

"Ke nan kada in tafi."

"A'a, ban ce ba. Ƙanwata ta koma ƙauye bayan ta yi ritaya, ga ta can da awakinta, ta fi ni ƙiba. Ita can ne mutanenta suke. Ke nake tambaya. Idan kin fito ƙofar gidan ƙauyen da safe, wa zai kira sunanki?"

Maman Ifeanyi ta duba ƙasa. A ƙauyen ana karɓar ta da mutunci duk Kirsimeti, ana yanka mata kaza. Amma har yau matar Kano suke ce mata, kuma bayan mako biyu takan fara kasa kunne ko za ta ji mai tallan ƙosai.

"Amma fa ki ji," Hajiya ta ci gaba, ta nuna ta da reshen zogale. "Shagon nan ya isa ki sake shi. Na ji labarin yaron da kika yi wa ritaya tun bai fara aiki ba."

"Har nan maganar ta zo?"

"Fagge ce fa. Ɗanki ya ɗaure abu biyu da igiya ɗaya, barin aiki da barin gari. Ki kwance su ki duba kowanne daban. Kuma ki je a cire miki yanar nan, tsoron me kike ji? An yi mini, ga ni ina zare tsakuwa daga shinkafa."

A hanyar komawa ba ta hau komai ba. Ta taka a hankali, ta bi ta gefen tashar jirgi inda mahaifinta ya ƙare ƙarfinsa. Mai lemo ya gaishe ta. Wani direba ya leƙo ya ce, "Mama, yarinyar nan ta samu aikin!" Ba ta gane fuskarsa ba, amma ta gane muryar, ta kuma tuna littafin da wanda ta tura su wurinsa.

Da Kirsimeti ta hau babbar motar kudu da jaka ɗaya, kamar kullum. Ifeanyi ya tarbe ta a tasha, ya duba jakar, ya duba bayanta ko akwai sauran kaya. Ya ɗauki jakar suka nufi gida. Ta zaga gidan duka, ta taɓa sabon famfo, ta yaba rufin, ta tsaya a kan kabarin mijinta ta yi addu'a. Sannan ta zaunar da ɗanta a inuwar mangwaro.

"Ka yi abin da ɗa nagari yake yi," ta ce. "Shago na bar shi, Chiamaka ce mai shi daga yau. Ido kuma za a yi mini aiki, kai za ka zo ka riƙe mini hannu. Amma Kano zan zauna."

"Mama, mutane za su ce na bar ki a can kin tsufa a bakin titi."

"Ka ce musu su zo su same ni a bakin titin, zan ba su kujera."

"Gidan nan fa? Don ke na gyara shi."

"Zan zo duk shekara, in daɗe fiye da da. Ranar da Ubangiji ya kira ni kuma, ka zo ka ɗauko ni ka kawo ni nan kusa da babanka. Na yi maka alkawari ranar ba zan yi gardama ba."

Ifeanyi ya so ya ɓata rai, dariya ta ƙwace masa, ya sunkuyar da kai yana goge ido. Bai ce ya yarda ba. Amma da za ta koma, shi ya cika mata jaka da doya da manja, ya kuma yi wa direba kashedi a kan gudu.

Yanzu idan ka je shagon, Chiamaka ce a ciki. Ta sauya jerin wasu abubuwa, ta sa fitila mai haske, uwar ta yi mita ta gaji ta bari. Maman Ifeanyi tana waje a kujerar roba, da sabon tabarau, ba ta taɓa ciniki. Nata kawai ta ji wane littafi aka saya, ta faɗi sunan wanda za a je a gani.

Kwanan baya wani ma'aikacin gwamnati mai furfura, Malam Sammani, ya tsaya ya ce saura masa 'yan watanni ya yi ritaya, yana son abin karantawa. Chiamaka ta taka kujera ta sauko masa da ɗaya daga kantar sama. Ya juya shi a hannu, ya ce ya ji an ce a nan ba a ba da littafi sai da mutum.

"Haka ne, Baba," in ji Chiamaka. "Amma kai ka huta da kuɗin mota."

Maman Ifeanyi ta jawo ɗaya kujerar da ƙafa, ta kaɗe ta da gefen zaninta.

"Zauna, Malam," ta ce. "Kafin ka buɗe shi, gaya mini, wa yake kiran sunanka da safe?"