Tarwaɗa, Makahon da Ya Daina Tsoron Bango

Haihuwarsa

An haifi marigayi Tarwaɗa a shekarar 1968, a ɗakin da ke bayan shagon mahaifinsa, wani tela mai saurin fushi. Mahaifiyarsa ungozoma ce da babu sirrin gidan da bai biyo ta hannunta ba. Yana ɗan shekara shida ƙyanda ta tafi da idanunsa biyu.

Karatunsa

A 1976 aka kai shi makarantar makafi, inda Allah ya hukunta akwai tafkin ninkaya. Karatu dai, a rufa wa mamaci asiri. Amma da zarar ya faɗa ruwa babu mai kama shi, daga nan laƙabin Tarwaɗa ya bi shi.

Gasa da jarrabawa

Ƙa'idar gasar makafi ita ce mutum ya tsaya a bakin tafki da doguwar sanda mai soso a baki, ya taɓa kan ɗan wasa idan bango ya matso, domin ya juya. Yayansa ne ke riƙe masa sandar. A gasar 1989 bawan Allah ya shagala da kallon abokin hamayya, yana ta ihun "Ƙara wuta, ƙanena!" Ƙanen ya ƙara. Bango ya karɓi hancinsa da haƙora biyu, wuyansa ya gurɗe, ya yi wata shida a kwance.

Ya warke, amma tsoro ya zauna. Yakan sassauta tun kafin bango yana lalube, yara ƙanana suna wuce shi, har aka fara raɗe-raɗin sallamarsa daga gasa.

Aurensa

Ma'aikaciyar jinyar da ta yi ɗawainiyarsa, wadda asibiti kaf ke kira Uwar Faɗa, ita ta zo kallo wata rana ta ce, "Ƙato da kai kana rarrafe? Ni na ɗinke hancin nan, ba zan bari a ɓata min aiki ba. Ku ba ni sandar."

Tsawon shekara goma sha shida ba ta taɓa ganin wanda ya ci gasa ba, idonta yana kan bango da ƙeyarsa. Shi kuwa ya dinga tunkarar siminti da dukkan ƙarfinsa, bai ga komai ba, bai rage komai ba. Masu ido sukan rufe nasu. An ɗaura musu aure a 1992, matan unguwa suna ƙyashi: ga mace tana ƙwala wa miji sanda a ka gaban jama'a, ana yi mata tafi.

Ƙarshen rayuwarsa

A 2007 hannun Uwar Faɗa ya fara rawa. Ta makara sau ɗaya wajen atisaye, yatsunsa suka daki bango.

"Malam, ka nemi mai jini a jika," in ji ta.

"Kan nawa ba na haya ba ne," ya ce, ya fito yana ɗiga. Bai sake shiga gasa ba.

Sai ya koma horar da masu riƙe sanda, kuma ba ya miƙa wa kowa ita sai ya ɗaure masa ido ya sa shi ya tunkari bangon da kansa.

Rasuwarsa

Allah ya karɓi ransa a 2021 bayan gajeriyar jinya, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: babbar malama ce, mai bi mata direba, sai tagwaye masu gyaran waya. Dukkansu idonsu garau, kuma babu wanda ya iya ruwa. Allah ya jiƙansa.