Tseren da Baba Mai Tuta Ya Ƙi Ƙarewa

Ku da kuka zauna Minna a wancan zamani, ba sai na kwatanta muku Baba Danjuma Mai Tuta ba. Tutoci biyu, ja da kore, kullum suna naɗe a hammatarsa, ko masallaci za shi. Shekara talatin ya yi yana tsaron geti inda layin dogo ya ratsa hanya. Da ya ajiye aiki aka karɓi hula da kakin, amma ya ce tutocin nasa ne, matarsa ta ɗinka masa su bayan na aiki sun yayyage. Mutumin Gbagyi ne daga Maikunkele, Hausarsa kuwa irin ta garinsu ce: mace da namiji duk "ya" ne, kuma bakinsa bai taɓa sanin "ƙa" ba, komai "ka".

Ranar da za a kai 'yarsa ɗakin miji, shi da kansa ya ɗaga wa motar amarya jar tuta a bakin layi, wai direba bai duba hagu da dama ba. Mata suka ce, "Baba, amarya fa kuka take yi, a bari mu tafi."

"Bari ya yi kuka a tsaye," in ji shi. "Kuka ba ya karya kafa."

Irin wannan mutum muka ɗauko muka yi alƙalin tseren babura, don haka laifinmu ne. Masu babur a Minna a lokacin ba su fi a ƙirga da yatsu ba: akawuna, malaman makaranta, da mu masu gyara. Asabar ɗin ƙarshen wata ake tashi daga gindin wani maɗaci a hanyar Bosso, a kai Maikunkele a juyo. Kyautar wani kofi ne mai ƙyalli da wani Bature ya bari da zai koma gida. Wanda ya ci ya riƙe wata guda. Layin ƙarshe da toka Baba yake ja. Mun roƙe shi a sayi fenti, ya ce, "Tsere na minti arba'in, fenti na shekara? Toka ya isa." In an watse sai ya share tokar ya zuba a gwangwani, ta wata mai zuwa.

Yayana Sani, wanda muke gareji tare, bai taɓa cin kofin nan ba. Kullum Bitrus ne, wani akawu daga kudancin Zariya, mai dariya kamar ba shi ya cinye mu ba. A shekarar da aka fara yaƙin basasa Yaya Sani ya je ya rubuta sunansa a soja. Ni kaɗai ya gaya wa. Ya ce, "Ina so in ajiye wa Inna kofin nan a kan akwatinta kafin in tafi, ta san ba wasan banza nake yi da ƙarfe ba." Wata biyu muna kwance injin muna haɗawa.

Ranar tseren, da suka ɓullo daga kwanar ƙarshe, Yaya Sani ne a gaba. Har na fara tsalle. Sai ga mata kusan goma sun fito daga hanyar gona za su tsallake titi, kowace da tulin itace a kafaɗa, yadda matan Gbagyi suke ɗauka. Kun san mai kaya a kafaɗa ba ta iya waiwayawa da sauri. Baba ya ruga tsakiyar titi da jar tuta, tsoho ɗan shekara sittin da wani abu, ya tsaya a gaban babura biyar. Suka ci birki, ƙura ta tashi, matan suka wuce ba wadda ta ko san an yi.

Nan gardama ta ɓalle. Mu muka ce wanda ke gaba lokacin da tuta ta tashi shi ya ci. Abokan Bitrus suka ce a'a, a jera su kai ɗaya a sake gudu zuwa layi. Wani malami ya ce a soke tseren gaba ɗaya. Baba kuwa yana ta auna ƙasa da ƙafa. Daga tayar Sani zuwa layi, taku ɗari biyu. Daga tayar Bitrus zuwa ta Sani, taku goma sha ɗaya.

"Jirgi in an tsayar da shi, ba a cewa ya iso," in ji Baba. "Ba a kuma mai da shi Zungeru. Inda ya tsaya, nan ya tashi. Kowa ya koma wurinsa."

Ba wanda ya yarda. Aka yi ta cacar baki har ladan ya kira magariba. Baba ya ce shi ba ya sakin babur bayan faɗuwar rana, balle na Sani da muka cire masa fitila don ya yi sauƙi. Sai wata mai zuwa. Yaya Sani ya zo gabansa, idonsa ja wur. Baba ya dafa shi ya ce, "Dana, ka gode Allah. Yau ni na kare ka."

"Wallahi, Baba, ka ƙare ni."

"To ka gani," in ji Baba, yana waiwayar jama'a da fara'a. "Shi ma ya yarda."

Kowa ya yi dariya, har Bitrus. Ni ma na yi, kuma har yau ina jin haushin kaina. Ranar Talata jirgi ya kwashe Yaya Sani da sauran sababbin sojoji. Bayan shekara guda takarda ta zo wa Inna. Ba gawa, ba kabari, layi uku kawai.

Bayan sadakar arba'in na je gidan Baba na ce ya ba ni kofin in kai wa Inna, tunda kowa ya ga wanda ke gaba. Yana zaune, kofin na kan tebur an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Matarsa ta ba ni labari daga baya cewa ta taɓa ajiye daddawa a ciki, ya ɗaga mata jar tuta a tsakar ɗaki.

"Tsere bai kare ba," ya ce.

"Baba, mutumin ya mutu."

"Na sani. Amma yana gaba da taku goma sha daya. In na ba ka yanzu, sadaka na ba ka. Sani bai nemi sadaka ba."

Na gaya masa maganar da ba a gaya wa babba, na fita. Shekara huɗu ban gaishe shi ba. In na hango shi sai in sauya hanya. Na ji an ce ya buga tsofaffin ƙusoshin dogo a gefen titi daidai inda kowane babur ya tsaya, kuma duk damina yana zuwa ya cire ciyawar da ta rufe su. Na ce hauka ce ta tsufa. Tseren ma ya mutu, don ya ƙi fara wani kafin a gama wancan.

Shekara biyu bayan yaƙi ya aiko a kira ni da Bitrus. Ƙafafunsa sun kumbura, muryar ta shige ciki. Ya ce ya yi ta tunani ya gano abu: doka ta ce babur ya tsallake layi, ba ta ce dole mai shi yana kai ba. Na so in ƙi zuwa. Inna ce ta ce in fito da babur ɗin daga bayan gareji, ita ma za ta je.

Sauran ukun sun ce sun yafe. Aka kawo Baba a bayan keke, ya ja layinsa da toka. Babur ɗin Yaya Sani shekara biyar bai tashi ba, tayoyin sun kwanta, don haka turawa zan yi. Bitrus kuwa sabo fil ya zo da shi. Baba ya nuna shi da sandar tuta.

"Kai, Bitrus. In ka yi masa alfarma, na kore ka har abada."

"Haba Baba, ni da nake neman kofina?"

Koriyar tuta ta tashi. Na sa kafaɗa na fara tura ƙarfen nan, nauyi kamar buhun doya. A bayana ina jin Bitrus yana ta bugun kik, injin na tari yana mutuwa. Taku ɗari biyu ba wani nisa ba ne, amma ban taɓa tafiya mai tsawonta ba. Inna tana tsaye bayan tokar da mayafinta a baki. Da tayar gaba ta taka layin, ban ji tafi ba.

Baba ya ce a riƙe shi ya je ya binciki babur ɗin Bitrus, don shi ba a yi masa wayo. Na bi su. Ya duba fulogi, ya duba waya, ya sunkuya ƙarƙashin tanki. Famfon mai a rufe yake ruf. Na gani, na kuma ga ya gani. Ya daɗe a sunkuye. Sai ya ɗora tafin hannunsa a kan famfon ya miƙe da ƙyar.

"Inji ne ya ki," ya ce. "Sani ya ci."

Ya miƙa wa Inna kofin da hannu biyu. "Maman Sani, na makara. Da na bari ya wuce ran nan..."

"Da ya take 'ya'yan mutane," in ji Inna, "da wane baki zan sha ruwa a ciki? Kawo, Malam Danjuma. Allah ya yi maka albarka."

Bai kai ƙarshen damina ba. Na yi ta cewa gobe zan je in nemi gafararsa da bakina, goben ba ta zo ba sai ranar da na sa kafaɗa a makararsa. Allah ya jiƙan Baba Danjuma, ya sa ya huta. Allah ya jiƙan Yaya Sani a duk ƙasar da ta rufe shi. Ni kuma ya yafe mini shekara huɗun da na hana tsoho gaisuwa.